Tsohuwar bindiga mai liba ta cije: wa za ka kai wa gyara a Amurka?

Bayan an idar da sallar Juma'a a Pittsburgh, muna tsaye a wajen ajiye motoci ana gaisawa, wani ƙanena ɗan Katsina ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, surukina ya ba ni bindigarsa ta farauta, wai shi ƙafa ta daina hawan dutse. Na je wurin gwajin harbi, na ɗura mata harsashi, ina jan libar sai ta cije a rabi. Ba gaba ba baya. Wa zan kai wa?"

Na ce ya nuna mini hotonta. Winchester ce samfurin 94 mai liba, wato hannun ƙarfen da ke ƙasanta wanda ake ja a mayar don ɗura harsashi, mai cin harsashin .30-30, katakonta ya yi duhu saboda shekarun riƙo, rinin ƙarfen ya koɗe daidai inda tafin hannu ke zama. Na sa ya karanto mini lambar da ke ƙarƙashin akwatin ƙarfen, wato tsakiyar bindigar inda kayan cikinta suke. Ba ta kai miliyan biyu da dubu ɗari bakwai ba. Nan take na ce masa kada ya kai ta ko'ina tukuna, kuma kada ya bari sukudireban kicin ya taɓa ta.

Irin wannan bindiga ta cika gidaje a Pennsylvania, domin dokar jihar ba ta yarda a harbi barewa da raifal mai ɗura kanta ba, sai wadda hannu ke sarrafawa. Saboda haka mai liba ba ta taɓa fita yayi a nan ba. John Browning ne ya tsara samfurin 94, ta fito a 1894, an ƙera fiye da miliyan bakwai. Kishiyarta, Marlin 336, ta fito a 1948. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane yau sun girmi masu su, kuma masu gyaran da suka taso da su suna ta yin ritaya. Matsalar ke nan. Shagunan bindiga sun yi yawa, waɗanda suka san cikin mai liba kuwa kullum raguwa suke yi.

Kafin in wuce, magana ɗaya ga 'yan uwanmu baƙi. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga a ƙarƙashin dokar tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓe-keɓen da doka ta yi, kamar riƙe lasisin farauta mai aiki. Kowace jiha kuma tana da nata ƙarin. Ka san matsayinka kafin ka ɗauki bindiga ka shiga shagon kowa, domin mai gyara zai rubuta sunanka a littafinsa.

Dalilin da ya sa na tambayi lamba shi ne, zaɓen mai gyara ya dogara da sanin abin da ke hannunka. A 1964 kamfanin Winchester ya sauya yadda yake ƙera samfurin 94 don rage kuɗi. Wasu sassan da ake sassaƙawa daga dunƙulen ƙarfe aka koma buga su daga falle, akwatin ma aka sauya irin ƙarfensa. An fara sababbin daga lamba 2,700,000. Duk wadda ke ƙasa da wannan lamba masu tara bindigogi suna nemanta, kuma abin da suke biya wa kuɗi shi ne asalin jikinta, har da koɗewar. Wadda aka yi bayan 1964 tana harbi lafiya lau, sai dai darajarta ta aiki ce. A wajen Marlin kuwa ana duba tambarin JM a jikin bututu kusa da akwati, alamar cewa a Connecticut aka yi ta kafin masana'antar ta tashi. In an yi ta daga 1973 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ka cire lambobi biyun farko daga 100, ka sami shekarar. Tawa tana farawa da 22, wato ta 1978 ce.

To, hanyoyi huɗu ne a gabanka: kamfanin da ya ƙera ta, mai gyara na kusa, ƙwararren da ake aika wa ta gidan waya, ko kai da kanka.

Ta kamfani ba ta da tsawo, domin ƙofar kusan a rufe take. Masana'antar Winchester ta New Haven an rufe ta a 2006. Samfurin 94 da ake sayarwa yanzu kamfanin Miroku ne ke ƙera shi a Japan, da makulli daban da tsarin guduma mai tayar da harsashi daban, sassansa ba su zauna wa tsohuwa haka kawai. Marlin ta fi shan wuya. Remington ya saye ta a 2007, ya rufe masana'antar North Haven a 2011, ya kwashe injuna zuwa Ilion a jihar New York, shi kansa ya karye a 2020, Ruger ya sayi sunan da kayan aikin a kan dala miliyan 30. Ruger yana ƙera sababbi a Mayodan ta North Carolina, kuma ya faɗa a fili cewa ba ya karɓar gyaran waɗanda aka yi kafin zuwansa. Wanda kawai zan ce ya fara da kamfani shi ne mai Henry ta zamani, domin kamfanin yana nan da ransa tun 1996 kuma yana tsaya wa kayansa. Amma wannan ba tsohuwa ba ce, sunan ne kawai tsoho.

Saura mai gyara na kusa, kuma a nan ne mutane suka fi ƙonewa, domin allo ɗaya ne a ƙofa amma iri biyu ne a ciki.

Iri na farko shi ne shagon da ke sayar da bindigogin zamani, da tebur a baya inda samari ke harhaɗa AR-15. Aikinsu na cire wannan sa wancan ne. Sassan irin waɗannan bindigogi a ma'auni ɗaya ake yin su, ka sayo ka ɗaura ya zauna. Sun iya abinsu, ban raina musu ba. Sai dai tsohuwar mai liba da hannu aka daidaita ta tun a masana'anta, ko sabon sashe ka samo sai an goga shi da zarto kaɗan-kaɗan kafin ya yarda da maƙwabtansa. Wanda bai saba wannan ba zai yi ta canja sifirin yana fata.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Shekarun baya Marlin ɗina ta fara cijewa, harsashi biyu na fitowa daga ma'ajiya a lokaci ɗaya, libar ta tsaya a buɗe kamar bakin kada. Na kai ta wani shago da bai fi tafiyar minti goma daga gidana ba. Saurayin da ya karɓa bai ko ja libar ba, ya rubuta mini rasit ya ce in dawo bayan mako biyu. Mako biyu ya zama biyar. Da na karɓo, sai na ga kan sukurun liba ya dagargaje, gefen akwatin ga wani dogon karce inda sukudireba ya zame. An ce an wanke ta an sa sabon sifirin. Na je daji na gwada, harsashi na uku ta sake cijewa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, na biya kuɗi aka ƙara mini ciwo.

Iri na biyu shi ne wanda wani abokin farauta ya kwatanta mini: dattijo a ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi, shagonsa a bayan gida kusa da rumbun itacen wuta. Ba shi da shafin intanet, wayar tebur ce, matarsa ke ɗauka. Da na miƙa masa bindigar, ya buɗe ya tabbatar babu harsashi, ya kalli sukurun da aka ɓata, ya kalle ni ta saman tabarau, bai ce komai ba. Ya jawo wani akwati mai bakunan sukudireba sun fi hamsin, ya gwada uku kafin ya sami wanda ya cika tsagar daidai. Sukuru ɗaya ya kwance, libar ta fito, sakatar da ke tura harsashi cikin bututu ta zamo ta baya. Da ya kai ga cokalin da ke ɗaga harsashi zuwa bututu, ya juya bayansa, ya kama ɗan yatsana ya ce in ja farce a wurin. Na ji wani ɗan rami da ido bai cika gani ba. Ya ce, "Ga ɓarawonka." Akwai wani kaifi a jikin liba da ke gugar bayan cokalin duk lokacin da aka ja. Shekara da shekaru sai ya ci rami, cokalin ya riƙa makara wajen tashi, harsashi na biyu ya sami hanya. Masu Marlin sun san wannan cuta har suna gare ta a wurinsu. Maganinta a cike ramin da walda a goge, ko a sa wani cokalin, sannan a dakushe kaifin libar don kada ya sake ci. Ya ƙara da cewa wani lokaci ma ba a kai nan, sukurun ƙofar ɗura harsashi ne kawai ya saki, a ɗaure shi magana ta ƙare. Shi ya fara dubawa kafin ya kwance komai, ni ban ma lura ba.

Bambancin mutanen nan biyu ba a allo yake ba, ba kuma a lasisi ba. Dukansu suna da lasisin tarayya daga ATF, hukumar da ke kula da harkar bindigogi, wanda doka ta wajabta wa duk mai sana'ar gyaran bindiga. Lasisin yana nuna an binciki mutum kuma yana riƙe littafin shiga da fita. Babu jarrabawar iya aiki a cikinsa. Takardar makaranta ta fi shi faɗin wani abu. Akwai makarantun da suka daɗe suna koyar da sana'ar da injin sassaƙa ƙarfe da zarto a hannu: ta Trinidad a Colorado wadda P.O. Ackley ya fara a 1947, Colorado School of Trades, kwalejin Lassen a California, da Pennsylvania Gunsmith School da ke nan Pittsburgh tun 1949. Wanda ya fito daga irin waɗannan ya san yadda ake ƙera sashen da babu shi a kasuwa. Duk da haka na ga masu takarda da ba su taɓa kwance Winchester ba, na kuma ga marasa takarda da suka gaji sana'ar kamar yadda ɗan maƙeri ke tasowa a bakin zugazugi.

Abin da ya fi amfani shi ne ka je da ƙafarka ka yi masa tambaya, ka saurari yadda zai amsa. Ka faɗa masa alamar ciwon, ka ga ko zai ambaci inda ake zargi tun kafin ya buɗe. Wanda ya san samfurin 94, da ka ce harsashi na shigewa ƙarƙashin cokali, zai ce maka ɗan haƙorin da ke tare harsashi a jikin farantin ƙasa ya cinye. Ka tambaye shi ko yana da ma'aunin tazara na irin harsashinka. Waɗannan wasu 'yan ƙarafa ne masu siffar harsashi da ake sawa a ɗakin harsashi a rufe liba, don a san ko tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi ta wuce ƙa'ida. A tsofaffin masu liba tazarar tana buɗewa da yawan harbi, domin makullin sakatar a baya yake. Alamarta a kwanson da ka harba take: za ka ga ɗan maɓallin gindinsa ya turo waje. In mai gyara ya ce shi da ido yake ganewa, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Sannan ka dubi bindigogin da ke jere a bangonsa suna jiran masu su. In ka ga katako da baƙin ƙarfe, ka zo gida. In duk roba ce, ka sake tunani.

Tambayar da na fi so kuwa tarko ce. Ka ce masa, "Tunda ta zo hannunka, ko za ka sake mata rini ta yi sabuwa?" Mai neman kuɗinka zai ce me zai hana. Wanda ya san darajar abin zai tambaye ka shekararta, in ta kafin 1964 ce ya ce maka ka bar ta yadda take. Sake rini yana buƙatar a goge ƙarfen da injin gogewa, kuma a hannun mai gaggawa injin nan yana cinye rubutun masana'anta, ya mai da kusurwoyi masu kaifi su zama kamar sabulun da aka yi wanka da shi, ya zurfafa ramukan sukuru. Mai saye da ya san kaya daga nesa zai gane, farashi ya faɗi. Haka huda akwati don ɗaura madubin hange. Tsohuwar 94 ta sama take tofar da kwanso, saboda haka madubi ba ya zama a samanta, shi ya sa wasu ke huda gefe, kuma ramin da aka huda ba ya komawa. In idonka ya fara rauni, yawancin na bayan yaƙin duniya na biyu suna da ramuka biyu na asali a gefen hagu da ake ɗaura ƙaramin ma'aunin saiti mai huda, ba sai an taɓa ƙarfe ba. Wani abin dariya kuma, da yawa daga cikin na bayan 1964 ɗin ma da ba a jin tsoron taɓawa, akwatinsu ba ya karɓar rini na yau da kullum, sai ya fito ja-ja kamar ruwan zoɓo. Mai gyaran da ya san haka zai gargaɗe ka tun kafin ya karɓi kuɗi.

Hanya ta uku ita ce ƙwararren nesa, kuma su ma kashi biyu ne. Akwai masu gyaran aiki da suka keɓe kansu ga mai liba kawai. Yawancinsu wasan harbi na kwaikwayon kaboyi ne ya raya su, wanda ƙungiyar SASS ke shiryawa tun 1987, inda ake harba dubban harsasai da irin waɗannan bindigogi. Mutumin da ke kwance Marlin ashirin a wata ya ga kowace irin cuta, kuma yana da akwatunan tsofaffin sassa. Sai dai ka faɗa masa a fili cewa ta farauta ce. Masu gasa suna son liba mai santsi da kunama mai sauƙin taɓawa, ana rage ƙarfin sifirin don haka. A sanyin Disamba, da safar hannu da yatsun da suka ƙage, kunama mai sauƙi haɗari ce, sifiri mai rauni kuma yana iya ƙin tayar da harsashi.

Kashi na biyu su ne masu mai da bindiga yadda ta fito daga masana'anta. Wanda aka fi sani shi ne Turnbull Restoration a Bloomfield ta jihar New York, wanda Doug Turnbull ya kafa a 1983. Sun shahara da rinin wuta na dā, wanda ake binne ƙarfe cikin gawayin ƙashi da na itace a gasa, a tsoma a ruwa, ya fito da dabbare-dabbaren shuɗi da ruwan toka da ruwan ƙasa. Suna sake zana rubutun da ya goge, su sake katako. Aiki ne na dubban daloli da watanni masu yawa. Ya dace da bindigar da tun asali mai tsada ce kuma ta riga ta lalace, misali samfurin 1886 da tsatsa ta ci ko wani ya taɓa ɓata ta da mugun rini, ko kuma ta gado da iyali suka yanke shawarar kashe mata kuɗi don ƙauna. Kai musu .30-30 ta gama-gari don ta cije, kamar ka kai keke garejin Marsandi ne. Kuɗin aikin zai ninka kuɗin bindigar. In kana zaton taka ta musamman ce, ka fara rubuta wa gidan tarihin bindigogi na Cody a Wyoming, inda aka ajiye littattafan masana'antar Winchester da na Marlin. Suna ba da wasiƙar da ke faɗin yadda bindiga ta bar masana'anta, amma na farko-farko ne ke da cikakken bayani.

Aikawa ba ta kai wuyar da mutane ke zato ba. Dokar tarayya ta yarda mutum ya aika doguwar bindiga, babu harsashi a ciki ko a kwalin, ta gidan waya zuwa ga mai lasisi a kowace jiha, shi kuma ya dawo masa da ita kai tsaye bayan gyara. Ba a rubuta komai a bayan kwali da zai nuna abin da ke ciki. UPS da FedEx sun tsaurara nasu ƙa'idojin, daga masu lasisi suke karɓa, don haka in ba gidan waya ba sai ka biya wani shago ya aika maka. Wasu jihohin suna da ƙarin sharaɗi. Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, ka sa inshora daidai darajarta, ka cika kwalin yadda ba za ta motsa ba, domin wuyan katako ne ke karyewa in an jefar da kwali. Asarar wannan hanya ita ce ba ka ganin idon mutum. In ya kira ya ce ya sami wata matsalar, sai dai ka yarda. In ta dawo ba ta gyaru ba, sabon kuɗin aikawa ne da sabon jira. Dattijon ƙauye kuwa, ka koma ranar Asabar ku fita bayan shago ku gwada tare.

Irin bindigar ma tana iya yanke maka hukunci. Marlin 336 da Winchester 94 duk tsohon hannu na gari ya iya su. Savage 99 daban ce: ma'ajiyarta juyawa take yi kamar dabaran rijiya, da sifirin da sai an san yawan murɗin da yake so, katakonta kuma yana yawan tsagewa a bayan akwati. Wannan ka nemi wanda ya ce ya saba da ita, ko da nesa ne. Browning BLR tana aiki da haƙoran giya, in aka kwance aka kuskure haƙori ɗaya wajen mayarwa ba za ta kulle daidai ba, kuma masu gyara da yawa ba sa son ganinta. Su Winchester 1873 da 1876 kuwa na zamanin baƙin albarushi ne, ƙarfensu mai taushi, makullinsu mai rauni. Dokar tarayya tana ɗaukar duk wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. Irin wannan kada a harba ta sai wanda ya san tsofaffi ya duba, ya zuba narkakken ƙarfe mai saurin narkewa a ɗakin harsashi ya ciro siffarsa, domin a cikin shekara ɗari da wani abu wani yana iya sake huda ta zuwa wani harsashin bai sauya rubutun jiki ba.

Gyara da kanka fa? Akwai iyakar da nake ganin mai hankali zai iya. Wanke tsohon mai da ya daskare, ɗaure sukurun da ya saki, sauya sifirin ma'ajiya, duk suna yiwuwa, musamman a Marlin da ke kwancewa cikin sauƙi. Numrich a jihar New York suna da tsofaffin sassa da zanen kowane samfuri, Brownells a Iowa suna da kayan aiki. Abu na farko da za ka saya shi ne sukudireban bindiga mai baki miƙaƙƙe, domin na gida bakinsa tsinin gatari ne, yana hawowa daga tsaga ya ɓata kai. Winchester 94 tana da fil-fil da sukurori masu kama da juna, mutane da yawa sun kwance ta sun kai wa mai gyara a leda. Inda ban yarda kowa ya sa zarto ba shi ne kunama da guduma. Tsofaffin nan ba su da wani makulli sai rabin ɗana, wato ɗan tsanin da guduma ke tsayawa a kai. In ya cinye ko wani ya goge shi, bindiga tana iya tashi in ta faɗi. Ka gwada da bindiga babu harsashi: ka sa guduma a rabin ɗana ka matsa kunama, bai kamata ta faɗa ba. Ka ɗana ta duka ka tura ta da babban yatsa, nan ma bai kamata ba. In ta faɗa, ta wuce aikin gida. Kuma ko wa ya gyara, kada ka ɗura harsashi mai tsinin ƙarfe a ma'ajiyar da ke jera su hanci a gindi. Mai faffaɗan kai ko zagayayye ake sawa, ko irin mai kan roba da Hornady ke yi.

Lokaci ma yana cikin lissafi. A Pennsylvania ana buɗe farautar barewa da bindiga ranar Asabar ta bayan bikin godiya na Amurkawa (Thanksgiving), ƙarshen Nuwamba. Daga Satumba kowane mai gyara na kirki ya cika, kowa ya tuna da bindigarsa a rana ɗaya. Wanda ya ce maka kawo gobe ka karɓa jibi a watan Oktoba, ka tambayi kanka me ya sa shi kaɗai ba shi da layi. Janairu da Fabrairu ne lokacin kai gyara. Ka nemi ya rubuta abin da zai yi da kiyasin kuɗi, da sharaɗin ya kira ka kafin ya wuce wannan adadi, kuma ya ajiye maka duk sashen da ya cire. Tsohon sashe na asali yana bin bindiga in za a sayar.

Ga ƙanen nan nawa, lissafin bai yi wuya ba. Bindigarsa ta kafin 1964 ce amma ta gama-gari, jikinta na asali, ciwonta na ciki, kuma farauta yake son yi da ita. Kamfani babu, masu mai da ita sabuwa sun fi ƙarfin buƙatarsa, shagon kusa da gidansa kuwa na leƙa na ga bangon duk roba. Na ce mu tafi wurin dattijon, in shi ya ce ta fi ƙarfinsa sai mu nemi na nesa.

Muka je wata Asabar da safe, ƙanƙara ta rufe hanyar shiga gidan. Ya zare murfin ma'ajiya ya zazzage harsasan da suka maƙale tun ranar gwaji, ya yi wa yaron faɗa a kan yawo da bindiga da harsashi a ciki. Ya kwance farantin ƙasa ya ɗaga shi wajen taga: haƙorin ya cinye, ya zama kamar na tsohuwar akuya. Ya sa ma'aunin tazara, libar ta ƙi rufuwa a kan wanda bai kamata ta rufu ba, ya gyaɗa kai. Ya ce zai ɗiga walda a haƙorin ya goge, ya fi son haka da sa na wata bindigar. Ƙanena ya shafa inda rinin ya koɗe, ya ce, "Yaya, ko a ce masa ya ɗan shafa mata baƙi a nan?" Kafin in fassara tunanina dattijon ya gane daga hannun. Ya ce wannan wurin tafin surukinka ne ya yi shi, shekara hamsin yana yi. Ya ɗaura wa bindigar 'yar takarda da zare, ya rubuta lambarta a littafi, ya ce mu kira bayan mako uku, da yamma, lokacin da matarsa ke kusa da waya.